Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya Wa Ɗa Mai Lalura Karatun Gaba Da Sakandare

     Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai tuƙi kada ta bar tukunya ta kama, kunne kawai nake so a ara mini.

Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ne waɗanda Allah ya jarraba da wata lalura a jiki, wato makafi da kurame da guragu, da zabiya mai raunin gani, da makamantansu. A da naƙasassu ake ce musu, yanzu an fi cewa masu buƙata ta musamman. Ba maganar sa su a firamare za mu yi ba, wannan mun sha yin ta. Yau tambayar ita ce: yaron nan da kika sha wahala ya kai sakandare, idan ya gama kuma sai ina?

Kada wata ta ce wannan bai shafe ta ba. In babu a ɗakinki, akwai a ɗakin abokiyar zamanki, ko gidan 'yar'uwarki, ko maƙwabta. A shekarar 2006 kaɗai, yara fiye da 1,000 cutar shan inna ta kama a Nijeriya, mafi yawansu kuma a nan Arewa. Alhamdu lillahi, a watan Agusta na 2020 an tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a ƙasar nan. To amma yaran da ta taɓa a waccan shekara da 'yan shekarun bayanta suna nan tare da mu, sun zama samari da 'yan mata, kuma su ne suka kai shekarun shiga manyan makarantu. Ga waɗanda ƙyanda ta taɓa wa ido, ga waɗanda sanƙarau ya toshe wa kunne.

Abin da yakan faru shi ne, yaro ya yi shekara shida a sakandare, ya dawo gida da takarda, a yi murna, shi ke nan sai a zauna. Shekara ta zagayo, sa'o'insa sun tafi jami'a ko kwaleji, shi yana zaure. Wata shekarar sai ka ji wani ya ce ai gara ya riƙa fita yana samo na sabulu. Daga nan sai bara. In mace ce, sai a fara neman wanda zai taimaka ya aure ta, kamar alfarma ake roƙo. Ba rashin ƙwaƙwalwa ya jawo haka ba, rashin shiri ne. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin karatun gaba da sakandare, ga yaro mai lalura, tun yana aji ɗaya na babbar sakandare ake fara shi, shekara uku ke nan kafin ya gama.

Me ya sa sai an yi wannan dogon shiri? Saboda babbar makaranta ba kamar sakandare ba ce. Ɗauki makarantar Tudun Maliki da ke Kano, ko makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato wadda aka buɗe tun 1953. A irin waɗannan wurare malami ya san yaro, ya san lalurarsa, ya iya rubutun makafi ko maganar hannu, abokan yaro ma duk irinsa ne. Taimako shi ke zuwa ya sami yaro. A jami'a kuwa, malami zai shigo ɗakin lacca ya tarar da ɗalibai ɗari uku ko fiye, ya yi bayani da sauri, ya yi rubutu a allo, ya fita. Bai san akwai kurma a ciki ba. Bai san mai keke na ƙasan bene ya kasa hawowa ba. In yaro bai buɗe baki ya nemi haƙƙinsa ba, babu mai zuwa ya neme shi.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A Amurka ma haka abin yake, ɗalibi shi ke kai kansa ofishin da ke kula da masu lalura a kwaleji, ya bayyana buƙatarsa da takardun shaida. Shi ya sa dokarsu ta ilimin yara masu lalura, yadda aka gyara ta a 2004, ta wajabta wa makarantar sakandare ta rubuta wa kowane irin wannan yaro tsarin abin da zai yi bayan ya gama, daga lokacin da ya kai shekara 16, kuma dole a gayyaci yaron kansa wurin zaman. Mu a nan, in ba a yi wannan zama a makaranta ba, sai a yi shi a gida. Kuma wa ya fi ki sanin yaron nan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san wata za ta ce, "To ni da ba na fita, ko boko ban yi ba, me zan iya?" Yaya, bari in tambaye ki. Kayan ɗakin 'yarki, ranar ɗaurin aure kika fara tara su? Ai tun tana 'yar ƙarama kike ajiye kwano yau, gobe tasa, jibi zanin gado, duk daga cikin ɗakin nan, ba tare da kin taka kasuwa ba. Kin san wanda za ki aika, kin san lokacin da za ki ɗauki adashi. To wannan ma haka yake. Ke ce mai riƙe lissafi, maigida da 'yan'uwa su ne masu zirga-zirga.

Mu fara da shekarar farko, aji ɗaya na babbar sakandare. A nan ake raba yara, wasu kimiyya, wasu fannin adabi da zamantakewa, wasu kasuwanci. Wannan rabon shi ke yanke abin da yaro zai iya nema a gaba. Misali, mai son karatun lauya, galibin jami'o'i suna neman ya ci darasin adabin Turanci. In bai ɗauke shi tun aji ɗaya ba, ranar cike fom ba za a ƙirƙiro masa ba. Don haka idan yaro ya zo hutu, ki zaunar da shi, ki ajiye kunyar ɗan fari a gefe, ki tambaye shi: me kake so ka zama? Wane darasi ke yi maka daɗi, wane ke ba ka wuya? Ki saurara da kyau. Kada ki yanke masa tun bai gama magana ba, ki ce ai makaho ba ya yin kaza. A Jami'ar Bayero ta Kano an yi makahon da ya kai matsayin farfesa. Bayan kun yi magana, sai ki roƙi maigida ya je makaranta ya ga malamin ajin yaron, a haɗa abin da yaro ke so da abin da malamai suka ga zai iya.

A kula da darussa biyu, Turanci da lissafi. A jami'a ana son kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, Turanci dole ne a ciki, lissafi ma dole ne a fannoni da yawa. Makaho yakan sha wuya da lissafi saboda zane-zanen da ke ciki, kurma kuma yakan sha wuya da Turanci saboda bai taɓa jin yadda ake furta shi ba. In kin ga alamar rauni, a nema masa mai ƙara masa karatu lokacin hutu, ko da yayansa ne ko ɗan maƙwabta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shekara ta biyu ita ce ta tara kayan tafiya, kuma iri uku ne.

Na farko takardu. Ki sami jaka guda ko leda mai kauri, ki sa ta a ƙasan akwatinki inda ruwa da gara ba za su kai ba. A ciki a sa takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da sakamakon firamare da na ƙaramar sakandare, da hotuna ƙanana, da takardar likita daga asibitin gwamnati wadda ta bayyana lalurar yaro. Sai kuma lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, domin tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da ita. Ga wani abu da ke kayar da yara da yawa: suna da ranar haihuwa. A wata takarda Muhammad, a wata Mamman, a wata Muhammadu. A sa wanda ya iya karatu ya duba, suna da shekarun haihuwa su zama iri ɗaya a ko'ina. Gyaran yana cin lokaci, gara a yi shi tun babu gaggawa.

Na biyu kuɗi. Akwai kuɗin jarrabawa, da na mota, da na rajista, da na kayan aiki, wato allon rubutun makafi da abin huda takarda, ko na'urar ɗaukar magana, ko batirin abin ƙara ji, ko gyaran keke. Ki buɗe asusu na daban, ko ki shiga adashi da sunan yaron. Ribar ƙuli-ƙuli, ta ɗinkin hula, ta taliya, kome ƙanƙantarta, in ta shekara biyu tana taruwa za ta yi wani abu. A kuma tambayi hukumar ba da tallafin karatu ta jiharku. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da rancen karatu ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati ta asusun NELFUND, maigida ya bincika sharuɗɗansa tun kafin buƙata ta taso.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne yaro ya iya da kansa. A nan ne mu iyaye mata tausayi ke kai mu ga cutar da ɗa ba mu sani ba. Kin saba ki wanke masa, ki ɗebo masa, ki amsa tambayar da aka yi masa. To a ɗakin kwanan ɗalibai babu Umma. Ki koya wa makauniyar 'yarki wanki da shanya da ninke kaya, ta san inda ta ajiye kome, ta iya ƙirga kuɗinta, ta iya dafa abu mai sauƙi. Ta saba da farar sanda, kada ta dogara da ɗan jagora kullum, don shi ma ɗan jagoran nan makaranta ya kamata a ce yana ciki. Mai keke ya iya hawa da sauka, ya san ɗan gyaran da ba sai an kira bakanike ba. Kurma ya saba riƙe takarda da biro, ya iya rubuta buƙatarsa a taƙaice, domin maganar hannun da kuke yi da shi a gida ba kowa ya san ta ba a waje. Haka kuma waya da kwamfuta. Wayoyin zamani suna da tsarin da ke karanta wa makaho abin da ke rubuce, akwai kuma manhajar kwamfuta mai suna NVDA da ke yin wannan aiki, kyauta ake samun ta. Yaro ya fara koyo tun yanzu.

Sai ki koya masa magana. Idan baƙi suka zo suka tambaye ki, "Me ke damunsa?" ki ce, "Ga shi nan, tambaye shi." Ya saba faɗin lalurarsa da bakinsa cikin ladabi, ba kunya, ba kuma roƙo. Ya iya cewa, "Malam, ni ba na gani sosai, ina neman izinin zama a gaba," ko "Malam, ina neman izini in ɗauki laccarka a na'ura." Ku riƙa gwadawa a ɗaki, ke ki zama malamin, shi ya zama ɗalibi. Za ku yi dariya, amma ranar da ya tsaya gaban malamin gaske, bakinsa ba zai yi nauyi ba.

Yanzu shekara ta uku, shekarar jarrabawa. Hukumar WAEC tana tanadar takardun tambaya da rubutun makafi, da masu manyan baƙaƙe ga mai raunin gani, tana kuma ba da ƙarin lokaci. Amma fa sai an sanar da ita lokacin rajista, kuma makaranta ce ke yin rajistar. In yaronki yana makarantar gama-gari ne, to a farkon shekarar maigida ya je ya ga shugaban makaranta, ya tabbatar an rubuta lalurar yaro a fom. Kada a bari sai ranar jarrabawa a ce ba a sani ba.

Jarrabawar JAMB kuma darussa huɗu ce, Turanci dole ne a ciki, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. A 2017, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar ta kafa wani kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin makafi da wasu masu lalura. Ana tara su a cibiyoyi na daban, Kano na cikin garuruwan da ake yi, a karanta musu tambayoyi su amsa ta hanyar da suka saba, kuma hukumar ta ɗauki nauyin masaukinsu da na wanda ya rako su. A 2024 ta ba da sanarwar yafe kuɗin fom ga masu lalura da ke da kiredit biyar. Wanda zai raka yaro wurin rajista ya tambayi yadda tsarin yake a shekarar da ake ciki. Matambayi ba ya ɓata. Abu ɗaya dai, wajen cike fom akwai inda ake tambayar ko mutum yana da lalura. Wasu iyaye kan ce a ɓoye, wai kada a ƙi ɗaukar yaro. Wannan kuskure ne babba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In aka ɓoye, za a tura shi cibiyar kowa da kowa, a zaunar da shi gaban kwamfutar da ba zai iya amfani da ita ba. Lambar wayar da aka yi rajista da ita kuma a adana layin, kada a bayar aro, kada a bari ya ɓata, don ta nan saƙonni za su riƙa zuwa.

To wace makaranta za a zaɓa? Kada a bi suna kawai. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke garin Oyo, wadda aka kafa a 1977, ta daɗe da sabawa da makafi da kurame, sai dai akwai nisa daga nan. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero suna da sashen ilimi na musamman. Akwai kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha a jihohinmu. Akwai kuma jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, mai cibiyoyi a jihohi, wadda za ta iya dacewa da wanda zirga-zirgar kullum ke yi wa wuya. Kafin a cike fom, ki roƙi maigida ko ƙaninki ko babban ɗanki ya je da yaron su ga wurin da idonsu. Ki ba su tambayoyi su riƙe: Azuzuwan sashen da yake so a ƙasa suke ko a bene? Ana ba masu lalura ɗakin kwana a ƙasa? Ya banɗaki yake, keke na shiga? Ina ake ɗebo ruwa? Akwai tafintan maganar hannu? Yaya makaho ke rubuta jarrabawa a nan? Su je ofishin kula da harkokin ɗalibai su yi tambaya, sa'an nan su nemi wani ɗalibi mai irin lalurar ɗanki da ke karatu a wurin. Shi zai faɗa musu gaskiyar da ofis ba zai faɗa ba.

Ku sani kuma, wannan ba alfarma ake nema ba. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu lalura bambanci. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta kuma ce a ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da ke kula da al'amuransu. Gaskiya ne abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban, wa'adin ya cika amma har yanzu gine-gine da yawa sai matakala. Duk da haka, wanda ya san haƙƙinsa ba ya magana irin ta wanda bai sani ba. Kuma guraben aikin nan, mai takarda ne zai shige su.

Bari in ce wani abu game da 'ya mace, don na san nan ne zuciya ta fi tsinkewa. Kina tsoron a cuce ta, kuma tsoronki yana kan hanya. Amma maganinsa shiri ne. A nema mata ɗaki cikin makaranta, a haɗa ta da 'yar garinku mai hankali da ke karatu a wurin, a san gidan wani ɗan'uwa ko amini a garin da za ta iya zuwa in wani abu ya taso. Ki yi mata magana a fili, irin ta uwa da 'ya, a kan mutuncinta, da wanda za ta yarda ya riƙe mata hannu ko ya tura mata keke, da inda za ta kai ƙara in an takura mata. Ki tuna, yau kina nan kina yi mata kome. Ranar da babu ke fa? Ilimin nan shi ne kayan ɗakin da ba ya fashewa, ba a kuma raba shi gado.

Maganar maigida kuwa, kin fi ni sanin mijinki. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ranar girkinki. Kada ki zo da ƙorafi, ki zo da lissafi: ga abin da yaro ke so, ga abin da na tara, ga abin da ya rage. In ya ce kuɗin gara a kashe wa masu lafiya, ki tuna masa cikin ladabi da Sahabi Abdullahi ɗan Ummi Maktum. Makaho ne, neman ilimi ya kai shi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma a kan sha'aninsa farkon Suratu Abasa ya sauka. Ya zama ladani, kuma an sha bar masa riƙon Madina idan an fita. In abin ya fi ƙarfinki, ki nemi bakin wanda yake jin nauyi, ko yayarsa, ko mahaifiyarsa, ko limamin unguwa. Ke kuma abokiyar zama, ɗan kishiya ɗa ne. In ba ki da kuɗi, kina da baki, ki sa alheri.

Daga ƙarshe, ba kowane yaro ne zai shiga jami'a ba, mai lafiya ma haka ne. Wani sai ya sake jarrabawa, wani kwaleji ce rabonsa, wani kuma koyon sana'a, ɗinki ko gyaran waya ko aikin kwamfuta. Duk wanda ya samu, madalla. Abin da ba mu so shi ne yaro ya gama sakandare ba wanda ya taɓa tambayarsa ina ya dosa. Don haka aikin da zan bar ki da shi a wannan mako guda biyu ne, kuma ba sa buƙatar ko sisi. Ki nemo jakar nan ki fara tara takardu, ki kuma zaunar da yaron ki ji ta bakinsa. Wadda ba ta da irin wannan ɗa, ta isar da saƙon ga wadda ke da shi, ko a wurin suna ko a Islamiyya.

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa 'ya'yanmu su amfani kansu su amfani al'umma. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.